Babi na Biyar: Launi Huɗu a Allon Zorn

Me ya sa fenti yake komawa laka da zarar an haɗa shi? Duk wanda ya taɓa riƙe burushi ya san wannan tambayar. Mai koyo zai ɗebo ja mai ƙyalli, ya sa rawaya, ya ga bai yi masa ba ya ɗiga shuɗi, ya ƙara kore wai don gyara. Kafin ya ankara, abin da ke gabansa ya zama wani dagwalo, ba ja ba, ba kore ba, ba kuma ruwan ƙasa na kirki ba. Daga nan sai ya ɗora laifin a kan ƙarancin kaya. Yana ganin da ya sami babban akwatin nan mai launi iri-iri har da na ƙawa, da tuni ya wuce wurin.

Allunan manyan masu zane ba su goyi bayansa ba. Da yawa daga cikinsu da launuka kaɗan suka yi aikin da duniya take tururuwar gani yau, kuma babu wanda sunansa ya manne da wannan dabara kamar wani mutumin Suwidin, Anders Zorn.

Wane ne Zorn?

An haife shi a 1860 a Mora, wani gari na manoma a lardin Dalarna. Bai taɓa ganin mahaifinsa ba, a hannun kakanninsa na wajen uwa ya tashi, a gona. Yana ɗan shekara 15 ya shiga makarantar zane ta masarauta a Stockholm, kuma da fentin ruwa ya fara yin suna. Sai wajen 1887 ya koma fentin mai gadan-gadan, bayan ya riga ya saba da aiki mai sauri wanda ba ya yafe kuskure.

Ya zauna a Landan, ya zauna a Paris, sannan a 1893 ya tsallaka Amurka don babban baje kolin duniya da aka yi a Chicago. Attajiran can suka yi masa caa, kowa yana so ya zana shi. Ya yi hoton Shugaba Grover Cleveland a 1899, ya yi na Shugaba William Taft a 1911, wanda har yanzu yana Fadar White House. Ya rasu a 1920, a garin da aka haife shi.

Hoton da ya fi dacewa da wannan babi shi ne wanda ya zana kansa a 1896, yanzu yana gidan adana zane-zane na ƙasa a Stockholm. Yana zaune cikin farar rigar aiki mai faɗi, wata mata da yake zanawa tana can baya cikin duhu tana hutawa. A hannunsa ga burusai, ga allon haɗa fenti, kuma ya karkato allon yadda mai kallo zai ga abin da ke kansa: fari, rawaya mai ƙasa-ƙasa, ja, da baƙi. Shi ke nan. Wanda ya matsa kusa da rigar zai ga ba farin fenti aka shafa mata ba. Wani wuri toka-toka ce, wani wuri ruwan madara, wani wuri ta ɗan yi kore, kowane shafi da faɗin burushi ɗaya, an ajiye shi an bar shi ba a sake murzawa ba. Sai an ja da baya take haɗuwa ta zama riga fara sol.

Abin da ke kan allon

Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yana da asalinsa da halinsa, kuma sanin halin shi ne rabin aikin.

Farin da Zorn ya yi amfani da shi na dalma ne. Yana da ɗan ɗumi, yana bushewa da wuri, yana kuma kwanciya a ƙyalle da kyau. Matsalarsa guba ce, irin gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Yau kusan kowa ya koma farin titaniyam, wanda ya shigo kasuwa wajen 1920. Ba shi da wannan haɗarin, amma ya fi rufe abin da ke ƙarƙashinsa, kuma idan ya yi yawa sai launi ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa alli.

Rawayan ƙasa ce zalla, yumɓu mai ɗauke da tsatsar ƙarfe, wadda masu zane suke kira oka. Tana cikin launuka mafi tsufa a hannun ɗan Adam, ana samunta a zanen bangon koguna na dubban shekaru. Ba ta da tsada, rana ba ta kashe ta, kuma ba ta da ƙarfin danne wani launi. Idan aka gasa ta a wuta, ruwan da ke cikin tsatsar ya fita, sai ta koma ja.

Jan kuwa bamiliyan ne, haɗin zaiba da farar wuta. A da daga dutse ake haƙo shi, musamman a mahaƙar Almadén ta ƙasar Sifaniya. Ja ne wur mai karkata zuwa ruwan goro, shi kaɗai ne mai ihu a allon. Shi ma yana da guba da tsada, don haka masu zanen yau sukan maye gurbinsa da jan kadmiyam mai haske.

Sai baƙin hauren giwa. Asali ɓarɓashin haure ake ƙonawa a rufaffiyar tukunya har ya zama gawayi a niƙa. Yanzu ƙashin dabbobi ake ƙonawa, sunan ne kawai ya rage. Yana jinkirin bushewa a fentin mai, kuma yana da wata ɓoyayyiyar ɗabi'a da za a zo kanta nan gaba.

Ba Zorn ne ya fara wannan tsari ba. Pliny, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79 lokacin aman dutsen Vesuvius, ya rubuta cewa Apelles, mai zanen fadar Iskandar na Makidoniya, da launi huɗu ya yi aikinsa: fari daga tsibirin Melos, rawaya daga Attica, ja daga Sinope a bakin Baƙin Teku, da baƙi. Ko hoto ɗaya na Apelles bai kai zamaninmu ba, amma jerin launukan ya kai, kuma kusan shi ne a hannun Zorn bayan fiye da shekara dubu biyu.

Daga ina lakar take fitowa?

Hasken rana yana ɗauke da dukkan launukan bakan gizo. Fenti ba ya ƙirƙirar haske, shanye wani ɓangare yake yi ya mayar wa ido da sauran. Rawaya tana shanye shuɗin da ke cikin hasken. Shuɗi yana shanye ja da ruwan goro. Idan an gauraya su, kowanne ya ci rabonsa, abin da ya tsira shi ne kore, shi ido yake gani. To a ƙara ja a kai, shi kuma aikinsa shanye kore. Yanzu babu ɓangaren hasken da ba a taɓa ba, abin da ya dawo wa ido ɗan kaɗan ne daga ko'ina, ba tare da wani ya rinjayi wani ba. Wannan ita ce lakar.

Ke nan duk launin da aka ƙara a haɗi, ragewa yake yi. Mai koyo yana zaton gyara yake, alhali haske yake ta zaftarewa.

Akwai kuma tarkon da ke cikin bututun fentin kansa. Fenti mai araha sau da yawa haɗi ne tun daga masana'anta, launi biyu ko uku a bututu ɗaya. Wanda ya gauraya irin waɗannan guda uku, yana iya zama sinadari bakwai ko takwas ya cakuɗa bai sani ba. Kamfanonin kirki suna rubuta lambar sinadarin a jikin bututu: PY43 ita ce rawayan ƙasa ta asali, PR108 jan kadmiyam, PBk9 baƙin ƙashi, PW6 farin titaniyam. Idan lamba ɗaya ce a jiki, sinadari ɗaya ne a ciki.

Allon Zorn ya toshe wannan ƙofa tun daga farko. Banda fari, launi uku ne kacal, don haka ko mutum ya so ya wuce gona da iri, babu abin da zai ƙara. Kuma tun da kowane haɗi daga tushe ɗaya ya fito, launukan hoton ba sa faɗa da juna.

Baƙin da ke aikin shuɗi

A nan mai karatu zai ce, to ina shuɗi? Ina kore? An koya wa yara a makaranta cewa ja da rawaya da shuɗi su ne iyayen launuka, ga shi an cire ɗaya.

Ba a cire shi ba, baƙi ne ya hau kujerarsa. A ɗebi baƙin ƙashi kaɗan a murza cikin fari, tokar da za ta fito ba tsaka-tsaki ba ce, tana da sanyi, tana ɗan leƙa shuɗi. A murza shi cikin rawayan ƙasa, sai ga kore irin na ganyen da ya sha ƙura. A murza shi cikin ja, a sami ruwan makuba mai duhu, idan an ƙara fari ya koma shunayya mai laushi. Duk abin da shuɗi yake yi a haɗi, baƙin nan yana yin sa da murya ƙasa-ƙasa.

Sauran aikin ido ne yake ƙarasawa, kuma wanda ya bayyana yadda hakan ke faruwa ba mai zane ba ne. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta Paris, inda ake saƙa manyan dardumomin bango. Ya tarar ana ta ƙorafi cewa baƙin zaren ulun da ake rinawa ba ya kamawa sosai. Ya gwada zaren, ya kwatanta shi da na wasu marina, bai sami aibu ba. Daga baya ya gano cewa rinin lafiyarsa ƙalau, zaren da ke kusa da shi ne yake sauya yadda ido yake ganinsa. A 1839 ya fitar da littafi a kan wannan doka: idan launi biyu suka zauna kusa da juna, kowanne yana tura ɗan'uwansa zuwa kishiyarsa. Toka kusa da ruwan goro tana yin shuɗi-shuɗi. Ita dai wannan tokar kusa da kore sai ta yi ja-ja.

Matan da ke sayayya a Kantin Kwari sun san wannan ko ba su taɓa jin sunan Chevreul ba. Mace ba ta yanke hukunci a kan mayafi yana rataye shi kaɗai. Sai ta ɗora shi a kan atamfar tukuna, don mayafin da ya yi fau a kan wannan yana iya mutuwa murus a kan waccan.

Haka Zorn yake yi da gangan. Idan yana son idon mutum ya fito shuɗi, ko inuwar farar kwala ta yi sanyi, sai ya ajiye tokarsa a tsakiyar launuka masu ɗumi. Mai kallo zai rantse ya ga shuɗi. Da za a yanko wurin a ɗora a farar takarda, toka ce kawai.

Allon gwaji mai gida 60

Karanta wannan ba ya sa hannu ya iya. Abin da malaman zane suke sa ɗalibi ya yi shi ne allon gwaji, kuma kayansa ba su da yawa: bututu huɗu, wuƙar haɗa fenti, tsumma, da kwali ko katako da aka shafe da fari.

A ja layi a raba kwalin gida 12 a kwance, 5 a tsaye. Uku na farko a jerin sama na launukan zalla ne, rawaya, ja, baƙi. Tara da suka rage na haɗin bibbiyu ne. Rawaya da ja sau uku: inda rawaya ta fi yawa, inda suka yi daidai, inda ja ya fi yawa. Haka rawaya da baƙi, haka ja da baƙi. Sannan a bi kowane gida a gangaro ƙasa, ana ƙara fari mataki-mataki, har na biyar ya kusa zama fari. An sami launi 60 ke nan daga bututu huɗu, tun ba a fara haɗa uku wuri ɗaya ba.

Wajen yin sa ne mutum yake cin karo da halayen da aka ambata. Zai ga ja da baƙi suna da ƙarfi, rawayan ƙasa ba ta da shi, don haka "daidai" ba ya nufin a ɗebo su da yawa ɗaya. Ɗigon ja kamar ƙwayar gero yana iya juya tulin rawaya. Shi ya sa ake fara tara mai hasken, a riƙa jawo mai duhun kaɗan-kaɗan da bakin wuƙa. Wanda ya yi akasin haka zai ƙarar da rabin bututun fari yana neman ceto haɗi ɗaya.

Zai kuma ga fari ba haskakawa kaɗai yake yi ba, yana sanyaya launi. Ja da fari ruwan hoda suke bayarwa, ba ja mai haske ba. Mai son jan ya yi haske ya kuma riƙe ɗuminsa sai ya haɗa da ɗan rawaya.

Da wuƙa ake haɗawa, a goge ta tas bayan kowane gida, domin burushi yana ɓoye ragowar fenti a gindin gashinsa ya kai shi inda ba a gayyace shi ba. Mai aiki da akirilik ya tuna yana ƙara duhu idan ya bushe, kuma a zafin bazara ko iskar hunturu yana daskarewa a allo cikin mintoci, sai ana yayyafa masa ruwa. Idan an gama, a rubuta haɗin kowane gida a gefensa a rataye kwalin a bango.

Fatar mutum

Inda allon nan ya fi nuna kansa shi ne fuska. Fatar ɗan Adam, ta kowace ƙasa, tana zaune ne tsakanin rawaya da ja da ruwan ƙasa. Abin da ya bambanta ta shi ne yawan duhu da haske. Turawan da Zorn ya zana sun ci fari da yawa: fari da rawaya da ɗigon ja a goshi, ƙarin ja a kumatu da kunne da hanci inda jini ya fi kusa, ɗan toka a haɓar namiji inda gemu yake tsirowa.

Mai zanen baƙar fata ko wankan tarwaɗa da allon guda zai yi aiki, ma'aunin ne zai juya. Gindin haɗin ja da rawaya ne da baƙi, fari ya koma ɗan kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ruwan ƙasa ɗaya a shafe fuska duka, a sa baƙi zalla a inuwa, a sa fari zalla a haske. Sakamakon ba ya kama da mai rai. Baƙar fata tana da sheƙi, tana ɗaukar launin abin da ke kewaye da ita. Mutumin da ke zaune a inuwar bishiya da hantsi, goshinsa da doron hancinsa suna ɗauke da hasken sama mai sanyi, wurin tokar baƙi da fari ke nan. Ƙarƙashin haɓarsa kuma hasken da ya daki ƙasa ya dawo ne yake haskawa, wurin yana son ja da rawaya. Inuwar ma ba baƙi ba ce, ja ne da baƙi, don ta riƙe ɗumi.

Yadda ake karanta hoton gwani

Sayen launukan Zorn ba ya mayar da kowa Zorn. Abin koyi yana cikin inda ya ajiye kowane launi da kuma yawan da ya ba shi, kuma ana iya bin sawun wannan da tambaya uku a kan kowane ɗan wuri a hoto. Yaya duhunsa ko haskensa yake? Ɗumi ya karkata ko sanyi? Yana da ƙarfi ko a kwance yake?

Ta farko ta fi sauran nauyi. A ɗauki hoton da waya a mayar da shi baƙi da fari, ko a kanne ido har ƙananan abubuwa su ɓace. Za a ga aikin gwani yana tsaye da ƙafarsa ko babu launi, saboda an raba duhu da haske manya-manya tun farko.

Don amsa sauran biyun, a huda ƙaramin rami a tsakiyar kati mai ruwan toka, a ɗora a kan wurin da ake nazari. Ramin yana raba launin da maƙwabtansa, dokar Chevreul ta daina aiki, sai ainihinsa ya bayyana. A haɗa irinsa, a shafa a gefen ramin, a kwatanta. Kusan kullum mai koyo yakan tarar launin gwanin ya fi yadda ya zata kwanciya. A hoton 1896, ja mai ƙarfi bai ci wani fili ba. Ragowar duk toka ne da ruwan ƙasa, shi ya sa ɗan jan yake da tasiri.

Sai dai a yi hattara da abin da ake kwaikwayo. Fuskar waya tana ƙara wa launi ƙarfi, littattafai biyu kuma ba sa buga hoto ɗaya iri ɗaya. Hotunan kansu suna tsufa. Van Gogh ya rubuta wa ƙanensa cewa bangon ɗakin kwanansa da ya zana a 1888 shunayya ne mai haske. Yau bangon shuɗi ne, domin jan da ke cikin haɗin ya koɗe. Babban hoton Rembrandt na 1642 da ake yi wa laƙabi da sintirin dare ba dare ya zana ba, man da aka shafe shi da shi ne ya yi duhu da shekaru har mutane suka ɗauka dare ne.

Inda huɗu suka tsaya

Allon nan yana da iyaka, kuma Zorn ya san ta. Bayan rasuwarsa an tarar da tarin bututun fenti a ɗakin aikinsa a Mora, cikinsu har da shuɗin kobalt da kore. Mutum ne mai son zanen ruwa da tafki da ciyawar damina, kuma a irin waɗannan hotunan yakan ƙara abin da aikin ya nema. Huɗun nan sun fi ƙarfi a cikin ɗaki, a fuska da tufafi da hasken taga. Ba za su ba da koren shukar gero a Agusta ba, ba kuma za su ba da babbar rigar da ta fito daga marina tana ƙyalli ba. Tokar da ke wucewa a matsayin shuɗi a ƙwayar ido ba za ta iya cika rabin ƙyalle ta zama sararin sama ba.

Wanda ya gama allonsa mai gida 60 ya isa ya ƙara bututu na biyar, kuma shuɗi ne ya kamata ya fara shigowa. Shi ne launin da ya fi wahalar da masu zane a tarihi. Ƙarnuka da dama mafi kyawunsa daga dutsen lazuli na Badakhshan a Afganistan ake niƙo shi, da tsadar da takan kai ta zinariya, har sai da aka gano yadda ake yin sa a masana'anta a Faransa a 1828. Babi na gaba zai bi wannan hanya, daga duwatsun Afganistan zuwa Berlin inda aka yi tuntuɓe da wani sabon shuɗi a farkon ƙarni na 18, zuwa rijiyoyin baba na Ƙofar Mata a Kano, sannan ya nuna abin da ke faruwa da sauran huɗun idan shuɗi na gaske ya sauka a allo.